Ƙoƙi-ƙoƙi: yadda a ke kiwonsa, da yadda a ke gane irinsa

Kowa ya san Ƙoƙi, matar Gizo, a cikin tatsuniya. Amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya dubi ƙwaron da a ke kira ƙoƙi-ƙoƙi da kyau ba. An fi ganinsa a ƙarshen damina da lokacin kaka. Ya kan tsaya bisa karan hatsi, ko cikin ganyen wake, ko jikin darni. Da dare ya kan zo wurin fitila. Yara su jefe shi. Manya su take shi, suna tsammani wata irin fara ce mai ɓarna.

Wannan kuskure ne. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya cin ganye. Ba ya cin hatsi, ba ya cin wake, ba ya cin gujiya. Ƙwari ya ke ci: ƙananan fari, ƙuda, tsutsa, gyare, da ƙwarin da ke zuwa fitila. Ba shi da dafi. In an matse shi, ya kan kama yatsa da ƙayoyin hannunsa, ko ya ɗan ciji mutum. Iyakarta ke nan.

Hanyar da ta fi sauƙi a san shi ita ce a kama ɗaya, a yi kiwonsa na ɗan lokaci, a riƙa dubawa. A Turai da Amurka akwai mutane da yawa masu kiwonsa cikin ɗaki don sha'awa, kamar yadda wasu ke kiwon tantabara. Har sayensa su ke yi da kuɗi. Cikin waɗanda su ka fi so kuwa akwai irin na Afirka, wanda manomi ke takewa a gonarsa.

Bambancinsa da fara

A dubi ƙafafu. Fara tana da manyan ƙafafun baya, da su ta ke tsalle. Shi ƙoƙi-ƙoƙi ƙafafunsa na gaba ne manya. Suna da ƙayoyi a jere, suna naɗewa kamar aska. Da su ya ke cafke abincinsa. Da sauran ƙafafun 4 ya ke tafiya. In yana dako, ya kan ɗaga na gaban ya haɗa su, kamar mai roƙon Allah. Shi ya sa Faransawa ke ce masa "mante religieuse", wato ƙwaro mai ibada.

A dubi kai. Kansa mai kusurwa 3 ne, bisa dogon wuya. Yana iya juya shi ya dubi bayansa ba tare da ya motsa jiki ba. Fara ba ta iya haka. Yana da manyan idanu 2, da wasu ƙanana 3 a tsakaninsu. Kunne kuwa ɗaya gare shi, kuma ba a kai ya ke ba. A ƙarƙashin ƙirji ya ke, kusa da ƙafafun baya. A shekarar 1986 masu bincike a Amurka su ka gano haka. Da wannan kunne ya ke jin kukan jemage in yana tashi da dare, sai ya faɗo ƙasa ya tsira.

Ganinsa yana da ƙarfi ƙwarai. A shekarar 2016 malaman jami'ar Newcastle ta Ingila sun manna wa wani irin ƙoƙi-ƙoƙi na Afirka ɗan ƙaramin tabarau da kakin zuma. Sun tabbatar yana auna nisan abu da idanunsa biyu, kamar yadda mutum ke yi. Shi ya sa ba ya kai hannu sai abin ya iso daidai.

Gidan da za a yi masa

Ba a kama shi da ƙarfi. A sa masa kara a gabansa, a ɗan taɓa shi ta baya. Da kansa zai hau.

A nemi babban butali mai faɗin baki, ko robar da a ke gani ta cikinta, ko kwali. Wanda ya iya saƙa yana iya yin ɗan keji da sillen kara, ya lulluɓe shi da guntun tsohon sange, wato gidan sauro. Wannan ya fi kyau, don iska tana shiga.

Akwai lissafi a nan. Tsayin gidan ya kai tsawon ƙwaron sau 3. Faɗinsa ya kai tsawon ƙwaron sau 2. In ƙoƙi-ƙoƙi yana da santimita 8, gidan zai yi santimita 24 a tsaye, santimita 16 a faɗi. In ya fi haka ba laifi. In bai kai ba akwai matsala, za a ga dalili a gaba.

A rufe bakin da ƙyalle marar kauri, a ɗaure da zare. Kada a rufe da marfin ƙarfe ko leda. A sa reshe 1 ko 2 a ciki, a jingine, su kai har sama. Reshen sabara ko na kalgo ya isa. Ƙoƙi-ƙoƙi ya fi son ya rataye, kansa a ƙasa, jikin ƙyallen nan ko jikin reshe.

A ajiye gidan a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure. Butali in ya sha rana ya kan yi zafi kamar tanda, ƙwaron ya mutu kafin azahar. A kiyaye shi daga tururuwa da cinnaka. In sun yi yawa, a ɗora gidan bisa dutse a tsakiyar kwano mai ɗan ruwa. A kiyaye shi daga kaji da ƙadangare.

Abu ɗaya ba a wasa da shi. Kada a yi masa gida da gwangwani ko jarkar da a ka taɓa zuba maganin ƙwari, ko da an wanke. Guba tana zama a jikinta. Za ta kashe shi. Irin wannan jarka ma ba ta kamata a zuba mata ruwan sha, ko nono, ko mai ba. Abin da ya kashe ƙwaro yana cutar da yaro.

Gida ɗaya, ƙoƙi-ƙoƙi ɗaya. In an haɗa biyu, da safe ɗaya za a tarar.

Ci da sha

Abu mai rai ya ke ci. In abu ba ya motsi, ba ya kula shi. A kamo masa ƙuda, ƙaramar fara, gyare, ko ƙwarin fitila. Girman abincin kada ya wuce rabin jikinsa. Babba ya kan ƙoshi da fara ɗaya ko biyu a kwana 2 ko 3. Ba sai kullum ba. A dubi cikinsa: in ya kumbura, ya ƙoshi, in ya shafe, yana jin yunwa.

Kada a ba shi rina, ko zanzaro, ko tururuwa. Suna iya ji masa ciwo. Kada a kamo masa ƙwari daga gonar da a ka yi wa feshi.

Ƙanana, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga ƙwai ba, ba su iya kama fara. A ba su darɓar da ke jikin wake. Ko a ajiye ɓawon mangwaro ko ruɓaɓɓen tumatir a kwano. Ƙananan ƙudaje za su taru, sai a kama a zuba musu.

Ba a sa masa kwanon ruwa, don ƙarami yana iya nitsewa. A jiƙa yatsu a yayyafa ɗigo kaɗan jikin reshe. Zai sunkuya ya sha. Lokacin hunturu iska ta kan bushe ƙwarai. A sa ɗan jiƙaƙƙen auduga a ƙasan gidan, a riƙa canza ta. Amma kada gidan ya yi laima har ya yi fumfuna. A riƙa kwashe ragowar fukafukai da ƙafafun da ya bari.

Saɓa

A nan ne masu kiwo su ka fi yin hasara.

Fatar ƙoƙi-ƙoƙi tana da tauri, ba ta girma tare da shi. Sai ya tuɓe ta, kamar yadda maciji ke yin saɓa. Ya kan yi haka wajen sau 6 zuwa 9 kafin ya zama babba, gwargwadon irinsa.

In saɓa ta kusa, ya kan daina ci kwana 1 ko 2. In an ba shi fara sai ya ture ta. Mai kiwo ya kan ce ba shi da lafiya, ya shiga taɓa shi, ya ƙara zuba masa abinci. Wannan shi ne ke kashe shi. Abin yi shi ne a fitar da duk wani ƙwaro mai rai daga gidan, a yayyafa ɗan ruwa, a ƙyale shi.

Zai rataye da ƙafafun baya, kansa a ƙasa. Fatar za ta tsage ta ƙeya. Zai zame ya fito a hankali, nauyinsa na jawo shi ƙasa. Dalilin tsayin gidan ke nan. In wurin ya yi gajarta, zai taɓa ƙasa tun bai gama fita ba, ƙafafunsa su lanƙwashe, su bushe a haka. Wanda hannunsa ya lanƙwashe ba ya iya farauta. Haka kuma in an girgiza gidan ya faɗo.

Bayan ya fito jikinsa yana da taushi. Ko gyare yana iya cinsa a lokacin. A jira kwana 1 ko 2 kafin a ba shi abinci. In ƙarami ya rasa ƙafa ɗaya, ta kan sake fitowa kaɗan-kaɗan a saɓar da ke biye. Fukafukai ba su cika sai a saɓa ta ƙarshe. Daga nan ya gama girma. Duk rayuwarsa ba ta cika wuce shekara ɗaya ba.

Wanda ya koyi rubutu ya sami wurin aiki da shi a nan. Ya rubuta ranar da ya kama ƙwaron. Ya rubuta ranar kowace saɓa. Ya auna tsawonsa da abin awo bayan kowace ɗaya. Fatar da ya tuɓe ma a na iya manna ta a takarda, a rubuta kwanan wata a ƙarƙashi.

Mace ko namiji?

A dubi cikin ta ƙasa, ta jikin butali, a ƙirga gaɓoɓinsa. Mace tana da 6, ta ƙarshen babba ce. Namiji yana da 8, suna ƙanƙancewa zuwa ƙarshe. Mace ta fi girma da kauri. Namiji siriri ne, zaren da ke kansa sun fi tsawo, kuma ya fi iya tashi. Yawancin waɗanda ke zuwa fitila da dare maza ne.

A na cewa mace tana cinye namiji lokacin barbara. Gaskiya ne, ta kan yi. Amma ba kullum ba. Ta fi yin haka in tana jin yunwa, ko in wurin ya yi ƙunci, namijin bai sami hanyar gudu ba. Mai son ya haɗa su ya fara ciyar da macen ta ƙoshi. Da an gama ya raba su.

Gane iri

A duniya akwai ƙoƙi-ƙoƙi iri fiye da 2400. Da Hausa duk sunansu ɗaya. Masana kuwa sun ba kowane iri suna da harshen Latin, don malamin Yamai da na Faransa da na Sin su san abu ɗaya su ke magana a kai. Ba dole ba ne a haddace sunayen. Amma yana da kyau a gan su a rubuce.

Da farko, kada a dogara da launi. Mutane su kan ce kore iri ɗaya ne, mai ruwan ƙasa wani iri ne. Ba haka ba ne. Uwa ɗaya tana iya haifar kore da mai ruwan ƙasa. Wani ya kan canza launi bayan saɓa. A wuraren da a ke ƙona daji, har akwai masu komawa baƙi, su saje da toka. Abin dubawa shi ne girma, siffar kai, cikin hannuwa, da fukafukai.

Babban nan mai ƙiba, wanda a ke gani a garka da gonar wake, sau da yawa daga dangin Sphodromantis ya ke. Mace ta kan kai santimita 8, wata har 10. Alamarsa ɗigon fari ɗaya bisa kowane fiffike. Kafaɗarsa tana da faɗi. Ba shi da tsoro, yana da ci, yana jure zafi. Shi ya fi sauƙin kiwo, shi ya kamata mai koyo ya fara da shi. Dangin yana da iri da yawa masu kama da juna. Raba su sai masani mai madubin ƙara girma. Manomi in ya ce Sphodromantis ne, ya isa.

Akwai wani da ya fi shi sirantaka, santimita 5 zuwa 7. Sunansa Mantis religiosa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linne ya ba shi sunan a shekarar 1758. A na samunsa a Afirka da Turai da Asiya. Don a gane shi, a dubi cikin hannunsa, kusa da ƙirji. Akwai baƙin tabo, wani lokaci da fari a tsakiyarsa, kamar ido. In ya ji tsoro sai ya miƙe, ya buɗe hannuwa ya nuna tabon, ya baza fukafukai, ya goga cikinsa a jikinsu, a ji huci kamar na maciji. Burga ce kawai.

In an ga siriri mai dogon wuya ƙwarai, da tsini a kai kamar hula, da ƴan ɓalli-ɓalli kamar ganye a ƙafafu, wannan Empusa ne. Zaren kan namijinsa kamar gashin tsuntsu su ke. Ƙuda da ƙwari masu tashi ya fi so. Ɗan'uwansa Blepharopsis ya fi shi gajarta da kauri, jikinsa rodi-rodi kore da fari. Yana zama cikin ƙananan itatuwa masu ƙaya a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Waɗannan biyu ba su son laima. A rage musu yayyafi.

Can arewa, cikin hamada, akwai Eremiaphila. Wanda bai sani ba ba zai ce ƙoƙi-ƙoƙi ne ba. Gajere ne, launinsa na rairayi, fukafukansa guntaye, ba ya tashi. Ba ya dako bisa reshe. A ƙasa ya ke gudu, da sauri kamar gizo-gizo. Shi gidansa faɗi ya ke so, da busasshen rairayi a ƙasa.

Wasu sai an sa ido sosai. Popa kamar busasshen tsinke ya ke. In ya miƙe hannuwansa gaba, ba a raba shi da reshe. Tarachodes shimfiɗaɗɗe ne, yana manne jikin ɓawon itace, macensa kuma ta kan kwanta bisa ƙwanta tana gadi har su ƙyanƙyashe. Miomantis ƙarami ne, ko ya girma bai cika wuce santimita 4 ba. Kada a ɗauka jariri ne: in fukafukansa sun cika, babba ne.

Wanda ya sami irin da bai gane ba, ya rubuta inda ya same shi, da itacen da ya ke kai, da watan, da tsawonsa. Ya zana kansa da hannunsa. In akwai mai waya ya ɗauki hoto ta sama, ta gefe, da cikin hannu. A nuna wa malamin gona in ya zo.

Gidan ƙwai

Mace in ta girma ta kan fitar da wani abu kamar kumfar sabulu, ta manna shi jikin reshe, ko kara, ko bango. A ciki ta ke jera ƙwanta. Kumfar ta bushe ta yi tauri, ta koma ruwan ƙasa. Ta babban iri ta kai girman goro. A cikin guda ɗaya a na iya samun ƙwai fiye da 100. Macen da ba ta haɗu da namiji ba ita ma ta kan yi, amma galibi ba ya ƙyanƙyashewa.

Manoma suna ganin wannan abu lokacin sassabe, ba su san ko mene ne ba. Ya tafi cikin wuta tare da kara. In an gan shi, a yanke reshen da ya ke kai, a ɗaure shi jikin shingen garka, sama da ƙasa, inda akwai inuwa. A bar shi yadda ya ke fuskanta, kada a kifa shi. In an ga ƴan ƙananan huji zagayayyu a gefensa, wani ƙaramin ƙwaro ne dangin zanzaro ya riga ya shiga ya ci wasu ƙwan.

In a gida a ka ajiye shi, a riƙa dubawa kowace safiya. Na babban iri ya kan ƙyanƙyashe cikin sati 4 zuwa 6 in akwai ɗumi. Ɗiyan su kan fito kusan gaba ɗaya, kowane kamar sauro. Bayan kwana kaɗan za su fara cin juna. Ba mai iya ciyar da 100. A riƙe 2 ko 3, kowane da gidansa. Sauran a kai su garka da maraice, a warwatsa su nesa da juna.

Iyakar amfaninsa

Kada a ɗora masa abin da ba ya iyawa. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya zaɓe. Yana cin fara, yana kuma cin ƙudan zuma da ke taimakon furen kabewa da kankana. Yana cin ɗan'uwansa, shi ya sa ba su taruwa da yawa a wuri ɗaya. A Amurka akwai wani iri na ƙasar Sin da ya shiga can a shekarar 1896. A na sayar da gidan ƙwansa ga masu lambu. Amma bai raba su da ƙwari ba. Farar ɗango irin wadda ta afka wa Nijar a shekarar 2004 kuwa ta fi ƙarfinsa nesa. Wannan aikin ma'aikatan kare amfanin gona ne, kuma da an ga alamarta a gaggauta sanar da su.

Shi ɗaya ne daga cikin masu taya manomi aiki ba da lada ba, tare da gizo-gizo, da kwaɗo, da hawainiya, da tsuntsaye masu cin ƙwari. Feshi ba ya bambanta su da masu ɓarna. Wanda ya yi feshi ba tare da ya duba gonarsa ba, ya kan kashe su duka. Masu ɓarna kuwa sun fi saurin hayayyafa, su ne ke fara dawowa. Saboda haka kafin a sayi magani, a shiga gonar da safe, a ɗaga ganye, a ga wane ne ke ci, wane ne ke farauta.

In an gama karatun ƙwaron, sati 2 ko wata 1, a mayar da shi. A kai shi inda a ka kamo shi, ko garkar da ba a yi wa feshi ba. A buɗe ƙyallen da maraice, bayan kaji sun shiga akurki, a jingina reshen jikin ganye, a bar shi ya sauka da kansa.